Shawara Ga Mai Son Sayen Amfilifayar Jita Da Kuɗi Kaɗan

Jama'a, wani sha'ani ya shigo zango wanda kakanninmu ba su san shi ba, ga shi kuwa yana cin kuɗin mutane. Samari sun kama kiɗan jita ta lantarki. Waɗansu sha'awa ce kawai, waɗansu kuwa sana'a su ke nema da ita, gama ana gayyatarsu biki da suna da taron makaranta, a biya su. Jita irin wannan ba ta magana ita kaɗai, sai an haɗa ta da wani akwati da a ke kira amfilifaya. To, ƙarshenta wa ke biya? Uba, ko kawu, ko wa mai shago a kasuwa. Yaro ya zo ya durƙusa, ya faɗi wani suna na Turanci, ya faɗi kuɗi. Dattijo bai san ko akwatin ya kai haka ba, ba ya kuwa so ya nuna rashin sani gaban ɗan cikinsa, sai ko dai ya zaro ya bayar ido rufe, ko ya hana ɗungum. Duka biyu akwai hasara a ciki. Zancen ko kiɗa ya dace da ɗan gidan mutunci, wannan tsakanin kowane mai gida ne da iyalinsa, ba shi na ɗauko ba. Wanda ya riga ya yarda zai saya, shi na ke yi wa bayani, don kada ribar goro ta wata shida ta tafi a banza.

Da farko mu san aikin abin. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In an taɓa tsirkiya, da ya ke ta ƙarfe ce, motsinta sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan cikin wayar nan, wadda ba ta isa ta motsa kome ba. Amfilifaya ita ke karɓar wannan 'yar wuta, ta gyara muryarta, ta ƙara mata ƙarfi, sa'an nan ta miƙa wa lasifika. Waɗansu a kan yi su gida biyu, injin dabam, akwatin lasifika dabam. Waɗansu kuwa duka cikin akwati guda mai hannu a bisa. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga ta biyun nan. Ta fi araha, ta fi sauƙin sawa a bayan tasi, kuma ba ruwansa da lissafin wace lasifika ta dace da wane inji.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1932 aka fara sayar da jita ta lantarki a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin akwatunan da samari ke mafarki, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton kafin ya kafa kamfaninsa a 1946. Jim Marshall kuma mai shagon kayan kiɗa ne a Landan. Amfilifayar Amurka ta yi wa samarin Ingila tsada, sai shi da ma'aikatansa suka dubi ta Fender mai suna Bassman, suka haɗa irinta da kayan da su ke iya samu a ƙasarsu, suka fitar da ita a 1962. Watau ko Marshall ɗin da a ke ji da ita, rashin kuɗi ne ya haife ta. A nan Gana kuwa jita ta daɗe da zama 'yar gida, tun ƙungiyar E. K. Nyame a shekarun 1950, zuwa African Brothers ta Nana Ampadu da aka kafa a 1963. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 aka hana fitar dare har fiye da shekara biyu, ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da a ke shigowa da su. Ƙungiyoyi da yawa suka watse, makaɗa suka koma coci ko suka tafi Jamus. Na kawo wannan ne don mai saye ya san abokin takararsa a kasuwa: coci-coci suna cikin manyan masu sayen kayan kiɗa, in tsohuwar amfilifaya mai kyau ta sauka ba ta kwana biyu a shago.

Iri uku ne

Akwai mai bawul, watau mai 'yan kwalabe a ciki masu ja kamar ƙwan fitila, irin na rediyon da. Ita ce asali, kuma makaɗa sun fi yabon muryarta, gaskiyarsu kuwa. Vox AC30 da aka fito da ita a Ingila a 1959, wadda Beatles suka yi aiki da ita, irin wannan ce. Amma mai kuɗi kaɗan ya kawar da kai. Tana da nauyi, AC30 ta haura kilo 30. Tana zafi kamar murhu. Bawul gilashi ne, hanya mai gargada tana iya fasa shi, kuma ko bai fashe ba yana gajiya, mai aiki da shi kullum sai ya sake shi bayan 'yan shekaru. Ina za a samo? Masana'antun da su ke yin bawul ɗin kiɗa sun ragu ƙwarai, manyansu suna Rasha da Silobakiya da Sin, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a 2022 kuwa sai ya yi wuyar samu, kuɗinsa ya hau. Doki ne na sarki, sayensa ba ya kai ciyar da shi wuya.

Akwai mai taransista. An gano taransista a Amurka a 1947, ita ce ta sa rediyo ya ƙanƙance har ya shiga aljihu. Amfilifaya mai taransista ba ta da abin fashewa, ba ta bukatar a jira ta yi ɗumi, kuma in ta lalace kowane gwanin gyaran rediyo ya san cikinta. Kayan gyaranta ana samu a Zongo Lane a Ankara, inda masu sayar da 'yan ƙananan kayan lantarki su ke jere. Waɗanda su ke raina ta sun manta Roland JC-120, wadda Japanawa suka fitar a 1975, mai lasifika biyu, taransista ce zalla, muryarta kuwa garau kamar ruwan rijiya. Kiɗan hailaif da na biki irin muryar nan su ke so, kowace tsirkiya a ji ta ita kaɗai. Gurnanin da masu kiɗan rok na Turai ke biyan kuɗi mai yawa dominsa, yaronku da wuya ya bukace shi a filin suna. JC-120 kanta tana da tsada. Wadda na fi so a nema ita ce Peavey Bandit, ta wani kamfani da Hartley Peavey ya kafa a jihar Misisifi a 1965. Tun wajen 1980 a ke yin ta, mai lasifika ɗaya ta inci 12, an yi ta da yawa ƙwarai, don haka ta hannu ba ta tsada, ga ta da jure wuya kamar jaki. Ba ta da kyan gani, samari ba su yin alfahari da ita. Wannan ma riba ce ga mai saye.

Ta uku ita ce ta zamani, mai ƙaramar kwamfuta a ciki, wadda ke kwaikwayon muryoyin tsofaffin amfilifayoyi da yawa. Fender Mustang ta fito a 2010, Boss Katana a 2016. Ba su da nauyi, sababbinsu ba su kai masu bawul kuɗi ba ko kusa, kuma an haɗa musu amsa-kuwwa da sauran kwalliyar murya waɗanda a da sai an sayi akwati dabam. Katana mai wat 50 tana da maɓalli na rage ƙarfinta har zuwa rabin wat, don koyo cikin ɗaki. Ga wanda zai sayi sabuwa da takardar lamuni daga shago, ba laifi, ciniki ne mai kyau. Aibinta ɗaya: in kwamfutar cikin ta ƙone ba a yi mata ɗori, sai a sake allon gaba ɗaya, allon kuwa sai an aiko da shi daga waje. Saboda haka irin wannan kada a saye ta ta hannu sai in an san mai ita da inda ta kwana.

Maganar wat

A nan a ke cin yawancin mutane. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin amfilifaya, yaro kuwa ya ji abokinsa na da mai 50, shi sai mai 100. Ku sani kunnen ɗan Adam ba haka ya ke lissafi ba. In an ninka wat sau biyu, ƙarar kaɗan ta ke ƙaruwa, har sai mutum ya kasa kunne kafin ya rarrabe. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kamar sau goma. Watau mai 100 ba ta ninka mai 50 ba, mai 10 ta ninka. Wanda ya ƙara rabin kuɗi don ya tashi daga 50 zuwa 100, nauyi ya saya da kuɗin wuta.

Abin tambaya shi ne ina za a kaɗa ta. In yaro koyo ya ke yi a gida, wat 10 zuwa 20 sun ishe shi har sun yi yawa. Gidajenmu na haya ne, ɗaki jikin ɗaki, tsoho na kwance, mai jego na fama da jariri, don haka a tabbata akwai ramin sa abin ji na kunne, wanda in an sa shi lasifika ta kan yi shiru. Wannan ɗan rami ya kashe rigima fiye da yadda mai unguwa zai iya. In kuwa zai fita da abokansa ne, da mai ganga a gefe, to a nemi wat 40 zuwa 60 ta taransista da lasifika mai inci 12. Girman lasifika ya fi yawan wat muhimmanci a fili. Mai inci 6 ko 8, ko nawa aka rubuta a jikinta, ganga za ta binne ta. In taro ya fi haka girma, masu kayan sauti da aka ɗauko haya za su kafa makirfo gaban akwatin, manyan lasifikokinsu su ɗauki sauran aikin. Haka a ke yi ko a manyan wasanni.

Akwai kuma waɗansu akwatuna marasa asali, masu fitilu ja da kore, an rubuta musu wat 1,000 ko 2,000 da manyan baƙaƙe. Ku juya bayansu. Akwai ɗan allo inda a ke rubuta wutar da abin ke ci. In ka ga yana cin wat 30 amma a goshinsa an ce yana ba da 1,000, ka tuna tulu ba ya zubo abin da ba a ɗura masa ba. Lissafin gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS kusa da shi. In ka ga PMPO, lambar talla ce, kada ka biya ko kwabo dominta.

Mai zama inda wuta ba ta tsayawa, ko mai bin ƙauyuka, akwai ƙanana masu aiki da batir. Roland Micro Cube ta 2004 batir shida irin na tocila ƙarama ta ke ci, ƙarfinta wat 2. Ta koyo ce da hira a ƙofar gida, ba ta fili ba.

Sai zancen wutar gari, wanda ya fi shafarmu mu masu 'ya'ya a waje. Wutar Gana bolt 230 ce, daidai da ta Ingila da Jamus da Dubai. Ta Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan 100. Ɗan'uwa na Bronx ya cusa amfilifaya cikin durum ya aiko ta Tema da kyakkyawar niyya, yaro ya yi murna ya soka ta a bango, kafin a ce kwabo hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ɗan allon nan na baya shi zai gaya maka. In an rubuta 100 zuwa 240, ko'ina tana ci. In 120 kaɗai aka rubuta, lalle sai da taransifoma mai rage wuta, kuma a sayi wadda ta ninka abin da amfilifayar ke ci, don kada ta yi zafi. Kuɗin taransifoma da nauyinta a sa su cikin lissafi tun kafin a yi ciniki, gama sau da yawa su ke cinye arahar. In ana da zaɓi, a roƙi na Hambug ko na Landan ya aiko. Kuma duk wanda ya ga dumso na 2012 zuwa 2016 ya san ba ɗaukewar wuta ke kashe kaya ba, dawowarta ce da ƙarfi. Ƙaramin janareta ma haka ya ke, wutarsa hawa da sauka. A ware kuɗin sitabilaiza, a kuma koya wa yaro in an ɗauke wuta ya kashe akwatin ya zare fulogi nan take.

In za a sayi ta hannu

Ku 'yan kasuwa ba sai an koya muku duba haja ba. Yadda ba ku sayen huhun goro sai kun buɗe ganye kun tona ƙasansa, haka nan. A tafi da yaron, da jitarsa, da wayarsa ta haɗi, gama in aka gwada da ta mai shago ba a san inda laifi ya ke ba. In hali ya yi a tafi da mai gyaran rediyo, a ba shi ɗan abin shan ruwa. Mai kaya ya ce ba wuta yau, a ce masa sai gobe.

A kunna ba tare da an taɓa jita ba, a saurara. Ɗan huci kaɗan ba kome. Amma gunji mai kauri wanda ba ya raguwa ko an mai da maɓallin ƙara ƙasa, alama ce kayan tace wuta na ciki sun tsufa, gyara ne na kuɗi, a rage shi cikin ciniki. Sa'an nan a murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙaiƙayi a nan yawanci ƙura ce, musamman kayan da suka sha hunturu a Tamale ko Bawku, wankewa kawai ta ke so. A girgiza kan waya inda ta shiga akwati, a ji ko murya na yankewa. A ƙara ƙarfi sosai, yaro ya bugi tsirkiya mai kauri ya bar ta ta yi ta amo. In an ji kamar ƙuda cikin gwangwani, ko takardar lasifika ta yage, ko cikinta ya ƙone yana guga. A leƙa ta baya da tocila a ga takardar. A ga kuma ko lasifikar asali ce, gama waɗansu su kan cire ta kirki su sa ta rediyon mota. Akwai lamba a jikinta, 4 ko 8 ko 16, ana kiranta om, lalle ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin injin.

Kada a yi gaggawa. A bar ta a kunne rabin sa'a ana hira, gama akwai cutar da ba ta fitowa sai ƙarfe ya yi zafi. A sa hanci a bayanta, ƙauri ba ya ɓuya. A zare fulogi, a ce a buɗe gidan fis. In an tarar an naɗe fis da takardar sigari ko an ɗaura waya a madadinsa, a yi sallama a tafi: wani abu ne ke ƙona fis ɗin, mai ita kuwa ya rufe bakin mai gargaɗi. Kusoshin da kansu ya cinye suna nuna an sha buɗe ta. Tsatsa a jikin ƙarfe kuwa ta kayan da suka zauna bakin teku ce, Ankara da Tema da Takoradi, in ta ci waje ta ci ciki.

Yanzu ga maganar da ta fi kuɗi. Fuloginmu ƙafa uku gare shi, ta ukun nan mai tsawo ita ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. Tsirkiyoyin jita a haɗe su ke da ƙarfen amfilifaya ta cikin wayar haɗi. Saboda haka in ƙafar nan ba ta aiki, wuta kuwa ta zubo, jikin yaro ne hanyarta, ga shi da gumi, wataƙila ba takalmi, a kan siminti mai laima. Keith Relf, mawaƙin wata ƙungiyar Ingila mai suna Yardbirds, haka ya mutu a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Leslie Harvey kuma a gaban 'yan kallo wuta ta kashe shi a garin Swansea a 1972, da ya taɓa makirfo. Waɗansu masu gyara su kan yanke wayar ƙasa wai don gunji ya ragu, tsofaffin akwatunan Amurka kuwa da ƙafa biyu aka yi su tun asali. Kowace aka saya, a kai wa gwani ya auna, ya sa mata waya mai ƙafa uku, a duba soket ɗin ɗakin shi ma. In yaro ya ce tsirkiya na ɗan cizonsa, ko makirfo na tsunkulin leɓensa, a kashe kome a wannan sa'a. Kada kuma ya kwance bayan mai bawul da kansa, akwai wutar da ta haura bolt 300 a ciki, tana kuwa iya zama a ajiye bayan an zare fulogi.

Abu biyu da mai shago ba zai faɗa ba sai an tambaya. Amfilifayar jita ba ta jita mai kaurin murya ba ce, wadda a ke kira bes. In aka haɗa su aka ƙara ƙarfi, lasifika ba ta daɗewa. Kuma ba ta yi wa maganar mutum kyau, an gina ta ne a kan muryar tsirkiya. Kwamitin da ke neman abin sanarwa na masallaci ko na taron ƙungiya kada ya yarda a tura masa ita wai duk ɗaya ne. Za a ji ƙara, ba za a gane kalma ba.

Game da kuɗi, shawarata a raba abin da ke hannu kashi biyar, huɗu na akwati, ɗaya na wayar haɗi mai kyau da sitabilaiza da ladan mai gyara. Sunan kamfani kaɗai kada ya ruɗi kowa, ana manna tambarin Marshall a jikin akwatin da bai taɓa jin labarin Ingila ba, kuma ƙaramar Fender ta koyo mai wat 10 ba ita ce wadda manyan makaɗa ke hawa dandamali da ita ba, suna ne kawai ya haɗa su. Bashi mai ruwa don sayen kayan kiɗa kuwa ban ga dalilinsa ba. Yaron da bai tabbatar da sana'ar ba ya yi haya ko aro wata uku tukuna, in har yanzu yatsunsa na kan tsirkiya, sa'an nan a saya.

Inda samari huɗu ko biyar suka yi adashi suka sayi guda, a nan shari'a ke zuwa zauren Sarkin Zango, gama ƙungiyar kiɗa ba ta cika shekara biyu ba a yi faɗa ba. Tun ranar saye a rubuta takarda gaban dattawa biyu, da ajami ko da boko duk ɗaya: wa ya ba da nawa, a ɗakin wa za ta kwana, wa ke biyan gyara, in ɗaya ya fita nawa za a mai da masa. A rubuta lambar da ke jikin ɗan allon baya a kan takardar, a sa mai shago ma ya rubuta ta a rasit da sunansa, don kayan sata ma suna yawo a kasuwar kayan hannu, in 'yan sanda suka zo rasit ne zai yi magana. Sa'an nan a kai wa tela awon akwatin ya ɗinka masa riga ta tamfol, a ɗora shi bisa benci nesa da ƙasa, gama ruwan damina na shiga ɗakunan Nima da Aboabo, ɓera kuma yana son takardar lasifika.